Yadda ake nemo makafin ƙwarin azurfa na ƙarƙashin ƙasa da kogo, a kama su, a adana su

Wanda ya taɓa buɗe akwatin tsofaffin littattafai ya san ɗan ƙwaron nan mai sheƙin azurfa da wutsiya uku, wanda yake sulalewa ya ɓuya kafin a kai masa hannu. Wannan na gida ne, daga dangin da masana ke kira Lepismatidae. Yana da 'yan uwa da ba sa shiga ɗaki, ba ruwansu da takarda: dangin Nicoletiidae. Su a cikin ƙasa suke, ƙarƙashin duwatsu, cikin tsagin dutse, cikin kogo, wasu kuma a gidan tururuwa da na gara. Ba su da ido ko ɗaya, jikinsu fari ne ko ruwan ƙwai mai haske. An raɗa wa dangin suna ne daga jinsin Nicoletia, shi kuma daga sunan Hercule Nicolet, wani masanin ƙwari ɗan ƙasar Suwizalan da ya rayu a ƙarni na 19.

Wannan jagora na ɗalibin ilimin ƙwari ne, da malamin da ke son bai wa ɗalibansa aikin fili mai ma'ana, da duk mai sha'awar abin da ke rayuwa ƙarƙashin ƙafarsa. Abu biyu ke tafiyar da aikin duka. Na farko danshi: inda babu shi, ba za ka same su ba ko ka kwana kana tono. Na biyu cikar jiki da takardar bayani: ƙwaron da ya karye ko aka rasa inda aka samo shi ba ya amfanar kowa.

Mataki na 1: Ka san abin da kake nema

Ana ce musu ƙwarin farko-farko saboda zuriyarsu ta rabu da sauran ƙwari tun kafin fiffike ya bayyana. Ba su taɓa yin fiffike ba. Ba sa bin matakin tsutsa kamar malam-buɗe-littafi. Ɗan ƙaramin da ya ƙyanƙyashe kamarsa ɗaya da babba, girma kawai yake ƙarawa. Kuma suna ci gaba da yin saɓa har bayan sun balaga, abin da ƙwari masu fiffike ba sa yi.

Ka riƙe alamomi huɗu. Ƙafa shida. Ƙahonni biyu sirara dogaye a kai. Zare uku a ƙarshen jiki, biyu a gefe, ɗaya a tsakiya. Sannan babu ido.

A cikin dangin za ka haɗu da siffa biyu da suka sha bamban har mutum ya ɗauka ba dangi ɗaya ba ne. Akwai dogaye sirara masu gefe a miƙe, farare, da yawansu ba su da ƙananan ɓawon da ke sa na gida sheƙi. Waɗannan su ne mazauna ƙasa da kogo. Akwai kuma gajeru masu faɗin gaba da tsukakken baya, masu gajerun zaren wutsiya, jikinsu a rufe da ɓawo mai launin zinariya. Su ne reshen Atelurinae, baƙin tururuwa da gara. Tsawonsu 'yan milimita ne kawai. Dogayen sukan kai santimita ɗaya ko fiye. Gagarumin cikinsu a Turai shi ne Squamatinia algharbica, wanda Luís Mendes da Ana Sofia Reboleira suka bayyana a 2012 daga kogunan yankin Algarbe a kudancin Fotugal: jikinsa kusan santimita 3, in an haɗa da ƙahonni da wutsiya ya kai kusan 10.

Akwai masu ruɗa sabon shiga, kuma a wuri ɗaya ake samunsu. 'Yan rukunin Diplura su ma farare ne makafi, amma wutsiyarsu biyu ce, babu ta tsakiya. Matsalar ita ce zaren tsakiya na naka ƙwaron yana iya tsinkewa, don haka ka duba gindin wutsiyar da gilashin ƙara girma ka ga ko akwai kututturen na uku. 'Yan Symphyla farare ne masu gudu, amma ƙafafunsu sun fi shida nesa ba kusa ba, babba yana da 24. Masu manyan idanu da ke tsalle a kan duwatsu rukuni ne daban, Archaeognatha. In kuwa ka ga ɗigon baƙi biyu a gefen kai, ido ne, ka kama na dangin gida ke nan, domin wasu daga cikinsu ma suna zama da tururuwa.

Mataki na 2: Haɗa kaya

Kayan ba su da tsada, amma kowanne da aikinsa. Ƙananan kwalabe masu murfin da ba ya yoyo, guda 20 ko 30. Sinadarin itanol, wato tatacciyar barasar ɗakin gwaji da ake adana ƙwari a ciki. Buroshin zane mai laushi, mafi ƙanƙanta da ka samu. Farantin roba mai zurfi da santsin gefe. Mai duhun launi ya fi, domin farin ƙwaro ba ya fitowa sosai a kan farin faranti. Ƙaramin shebur na lambu, gilashin ƙara girma mai ninki 10, fensir, farar takarda mai kauri, safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, da wayar da ke nuna lambobin wuri na GPS.

Sai abin zuƙa. Kwalba ce mai murfi da bututun roba biyu: ɗaya kake kai wa ƙwaro, ɗaya kake zuƙa da shi, an ɗaure bakinsa na ciki da ƙyalle mai laushi don kada ƙwaro ko ƙura su shiga bakinka. Kana iya haɗa shi da kanka a gida. Ka sa 'yar takarda mai laushi da ka ɗan jiƙa a gindin kwalbar, saboda ƙwaron da aka zuƙo da ƙarfi yana bugun gilashi ya karye.

Maganar itanol tana bukatar natsuwa. Don nazarin siffar jiki, mai ƙarfin kashi 75 zuwa 80 cikin 100 ake so. Don gwajin ƙwayoyin gado kuwa, sai kashi 95 ko sama. In kana da na kashi 96 kana son na kashi 80, ka auna mililita 80 nasa, ka ƙara tataccen ruwa har ya cika mililita 96. Kada ka yi amfani da fomalin, sinadarin da ake adana gawa da shi, yana lalata ƙwayoyin gado. Man wanke hannu mai kauri shi ma ba ya yi. Sifirit mai launi na kanti sai in babu yadda za a yi, kuma ka canza shi da zarar ka dawo.

Mataki na 3: Izini da lokaci

Gona da mai ita, dutse da kogo kuma sau da yawa suna da masu kula da su, wani lokaci ma wuri ne da mutanen gari ke girmamawa. Ka fara da mai unguwa ko dagaci, ka nuna musu kwalbar da abin da kake nema. A gandun daji na gwamnati sai da takardar izini daga hukumar da ke kula da shi.

Lokaci kuwa shi ne rabin sa'ar. Fatar waɗannan ƙwari siririya ce, ba ta riƙe ruwa, shi ya sa suke bin danshi sama da ƙasa. Da rani suna can ƙasa inda shebur ba ya kaiwa. In ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙe, sai su hauro har gindin duwatsu. Ka fita kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa mai kyau, da sassafe kafin rana ta gasa duwatsun. Ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta ba ta yi. Wadda ake so ita ce mai sanyi da laima, wadda in ka dunƙula ta a hannu za ta haɗu amma ruwa ba zai ɗiga ba.

Mataki na 4: Ƙarƙashin dutse

Nan ya kamata kowa ya fara, ba kogo ba. Mutane suna jin an ce ƙwarin kogo sai su ɗauka dole a shiga rami mai duhu. Gaskiyar ita ce kogo wuri ne kawai da ɗan Adam ya isa ya shiga. Ainihin gidan waɗannan halittu shi ne dubban ƙananan tsagogi da ramuka da ke cikin ƙasa da dutse, waɗanda ko yatsa ba ya shiga. Gindin dutsen da ya nutse cikin ƙasa ƙofa ce ta wannan gida.

Ka zaɓi dutsen da ya zauna daram, wanda sulusinsa ko rabinsa ke binne, a inuwar itace ko gindin tudu. Wanda ke kwance a saman ƙasa kawai ya bushe da yawa. Ka tsaya a gefe ɗaya, ka kama gefen da ke nesa da kai, ka jawo shi zuwa wajenka, yadda dutsen zai zama garkuwa tsakaninka da abin da ke ƙarƙashi. Wannan ba ƙa'idar wasa ba ce. A ƙasashenmu na sabana kububuwa da kunama suna son irin wannan maɓoya, kuma lokacin damina da kake fita shi ne lokacin da saran maciji ya fi yawa. Kada ka cusa yatsu inda idonka bai gani ba.

Da ka ɗaga, kana da daƙiƙa kaɗan. Ka fara duba cikin dutsen da kansa, domin sau da yawa ƙwaron yana manne a jikinsa, kowa kuma ƙasa yake kallo. Sannan ka duba ramin. Abin da za ka gani ɗan farin zare ne da ke gudu ya tsaya, ya sake gudu, yana neman tsagi. Kada ka sa yatsa, kada ka sa hantsaki. In a kan dutse yake, ka riƙe dutsen a kan faranti ka hura masa iska a hankali ko ka ture shi da buroshi ya faɗa ciki. In a ƙasa yake, ka kwashe shi tare da ƙasar da yake kai da shebur, ka zuba a faranti, sannan ka neme shi a tsanake. A cikin faranti mai santsi ba shi da wurin zuwa.

Ka mayar da dutsen yadda ka same shi, gefen da ke ƙasa ya koma ƙasa. Ruɓaɓɓen kututture, tarin ganyen da ya daɗe, da ƙasar tukwanen shuka a gidan rainon itatuwa duk wurare ne da suka cancanci dubawa. Nicoletia phytophila, alal misali, ya bazu a ƙasashe masu zafi da ɗakunan rainon tsirrai na Turai ta hanyar ƙasar da ake ɗauka tare da shuka.

Mataki na 5: Gidan tururuwa da na gara

A Afirka ta Yamma, nan ne ɗalibi ya fi kusa da samun abin da zai sa masana su waiwayo. Filippo Silvestri, masanin ƙwari ɗan Italiya, ya zagaya wannan yanki a 1912 da 1913. Abin da ya kawo shi neman maƙiyan ƙudan 'ya'yan itace ne, amma ya yi ta buɗe gidajen gara a hanya, ya kuma rubuta bayanin baƙin halittun da ya tarar a ciki. Masu bin wannan layi ba su taɓa yawa ba, shi ya sa filin yake a buɗe har yanzu.

Yadda waɗannan baƙi ke rayuwa abin kallo ne. A ƙarshen ƙarni na 19 Charles Janet na Faransa ya lura da irin na Turai, Atelura formicaria, yana jira sai tururuwa biyu sun haɗa baki ɗaya tana ba ɗaya abinci, sai ya kutsa tsakaninsu ya wafce ɗigon ya gudu. Santsin ɓawonsa da saurinsa su ke hana a cafke shi.

In ka ɗaga dutse ka tarar da gidan tururuwa, kada ka bi masu gidan da ido. Ka nemi abin da tafiyarsa ta bambanta: ɗan rawaya mai sulɓi da ke ratsa su da gudu. Ga gara kuma, ba sai ka rushe suri ba. Ka ɓalle ɓangare ƙarami daga gefe, ko ka nemi ƙananan gidajen da ke ƙarƙashin itacen da ya faɗi, ka farfasa ɓangaren a cikin faranti. Abin da ba a yafewa a nan shi ne mantawa da masu gida. Ka kama tururuwa biyar ko shida, ko gara tare da sojojinta masu manyan kai, domin da soja ake gane irin gara. Ka sa su a kwalba ta daban mai lamba ɗaya da ta baƙon. Wane ne ke zaune a gidan wa, wannan shi ne rabin labarin. Kada ka haɗa su da rai a cikin abin zuƙa, tururuwar da ta fusata za ta yayyaga shi kafin ka kai ga kwalba.

Mataki na 6: Mazurarin kora

Abin da ido bai gani a fili ba, zafi zai koro shi. Antonio Berlese ya ƙirƙiro dabarar a 1905, Albert Tullgren ya gyara ta da fitilar lantarki a 1918. Ka sa raga mai ido kamar milimita 3 zuwa 4 a cikin babban mazurari, ka shimfiɗa ƙasa da ruɓaɓɓen ganye a kai, kauri kada ya wuce santimita 5, ka rataya ƙwan fitila mai zafi na wat 25 a sama, kwalbar itanol a ƙasa. Saman yana bushewa, ƙwari suna gangarowa har su faɗa. Ka ba shi kwana biyar zuwa mako. Ƙwan zamani marar zafi ba ya wannan aiki. Inda wuta ba ta tsayawa, ka ajiye mazurarin a ɗaki mai iska ya bushe da kansa, sai dai ya ɗauki lokaci. Zafi mai yawa kashe su yake yi tun suna cikin ƙasar.

Mataki na 7: Tarkon cikin ƙasa

A 1980 Christian Juberthie da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa tarin tsakuwa da fasassun duwatsun da ƙasa ta rufe a gindin tsaunuka suna ɗauke da halittu irin na kogo, ko da babu kogo a kusa. Daga nan aka samo tarkon da ake binnewa.

Ka yanko bututun roba na ruwa mai tsawon kusan mita 1 da faɗin baki kusan santimita 10. Ka huda ramuka masu faɗin milimita 8 kewaye da rabinsa na ƙasa, ka bar rabin sama babu huda don kada ƙwarin sarari su shiga. Ka haƙa rami a gindin tudu mai duwatsu, ka tsayar da bututun, ka mayar da duwatsu da ƙasa a jerin da ka fitar da su. Ka zura kofi da igiya zuwa gindin, kofin da ya cika faɗin bututun, da ruwan adanawa mai suna furofilin gilaikol, wanda ba ya saurin tashi, a ciki, domin itanol yana tashi cikin kwana kaɗan. A saman kofin ka rataya 'yar kwalba mai hudajjen murfi da ɗan cuku mai wari ko tunkuzar gyaɗa. Ka toshe bakin bututun sosai, ka ɗora dutse, ka rufe da ƙasa, ka rubuta lambobin wurin. Kada ka sa rai da kwasar farko. Tonon ya dagula wurin, sai ƙasa ta sake zama. Ka riƙa dubawa duk wata ɗaya ko biyu, kana mayar da abin da ka samu cikin itanol.

Wurin da aka fi cin moriyar irin wannan dabara shi ne yankin Filbara na yammacin Ostareliya, ƙasar tama. A can hukumar kare muhalli ta jihar tana bukatar a binciki halittun ƙarƙashin ƙasa kafin a amince da sabon wurin haƙar ma'adinai. Masu binciken suna amfani da ramukan da injin gwajin ma'adinai ya riga ya huda. Suna cika gajeren bututu mai tsagogi da jiƙaƙƙen ganye da aka fara gasawa don kashe ƙwarin da ke ciki, su zura shi da igiya har ya jingina da bangon ramin, su bar shi mako shida zuwa takwas, sannan su kai ganyen mazurari. Suna kuma zura 'yar koma mai laushin ido su jawo ta tana gogar bango. Ta haka aka fito da nau'o'in da ba a taɓa sani ba, kuma Graeme Smith na gidan tarihin Ostareliya da ke Sidni ya bayyana da dama cikinsu. Duk inda aka bar ramin gwaji da bai kai ruwa ba, ana iya gwada wannan, da izinin mai shi. Rijiyar da mutane ke sha kuwa ba wurin zura tarko ba ce.

Mataki na 8: Kogo

Sai ka ƙware a matakan baya sannan ka zo nan, kuma ba kai kaɗai ba. Ku kasance aƙalla uku, da wanda ya san kogon. Kowa da hular kwano da fitila uku, ɗaya a goshi. Ku bar wani a waje da ya san lokacin da ya kamata ku fito. Kogon da ruwa ke bi ba a shigarsa in hadari ya haɗu.

Haɗarin da ba a gani ya fi na faɗuwa. Busasshen kashin jemage yana ɗauke da ƙwayar cutar huhu da ake kira histofilasmosis, don haka takunkumi mai tace ƙura wajibi ne, abin zuƙa na baki kuma haramun ne a irin wannan wuri. Ka yi aiki da buroshi ko abin zuƙa mai famfon hannu. Kogon da jemagun 'ya'yan itace suka cika, ka bar shi gaba ɗaya: an danganta kamuwa da zazzaɓin Marburg mai kisa da kogon Kitum na Kenya a 1980 da 1987, da wani kogo da wata mahaƙa a Yuganda a 2007 da 2008. In ka ji kana haki ba tare da ka yi aikin ƙarfi ba, ko kai ya fara sarawa, iskar wurin ba ta da kyau, ku juya nan take.

Ka wuce bakin kogo da inda haske ke ɗan kaiwa, ka shiga inda duhu ya cika kuma iska ba ta motsi. Abinci a kogo kaɗan ne, saboda haka inda yake nan ƙwari suke: itacen da ruwa ya shigo da shi, saiwar da ta ratso rufi, gefen tsohon kashin jemage mai laima, bakin taɓo, ƙarƙashin duwatsun da ke kan yumɓu. Ka durƙusa ka zauna wuri ɗaya minti 10 ko 15 kana haska ƙasa daga gefe. Mai yawo da sauri ba ya ganin komai. In ba ka samu ba, ka shafa ɗan tunkuza ƙarƙashin dutse, ka sa alama, ka dawo bayan kwana biyu ko uku, ka kuma kwashe ragowar in ka gama.

A nan kada ka kama da yawa. Nau'in kogo yana iya kasancewa a kogo ɗaya tak a duniya, haihuwarsa kuma a hankali take. Manya uku zuwa biyar sun isa. Tarkon da ke kashewa, in an manta da shi a kogo, yana ta kisa har ya ruɓe, don haka ni ban ga dalilin ɗalibi ya kafa shi a can ba. Ka wanke takalma da kaya kafin ka shiga wani kogon; cutar farin hanci da aka fara gani a jihar Niyok a 2006 ta kashe miliyoyin jemagu a Amurka ta Arewa, kuma ƙwayarta tana iya bin kayan masu shiga kogo.

Mataki na 9: Daga faranti zuwa kwalba

In da hali, ka ɗauki hoto tun yana da rai, da ɗan ma'auni a gefensa, saboda launi da kwanciyar ɓawo suna canzawa a cikin itanol. In ya ƙi tsayawa, ka sa kwalbarsa a firji na minti kaɗan, ba firiza ba.

Ka tsoma buroshi a itanol, ka taɓa bayansa, zai manne, ka kai shi kwalba. Mafi kyau ma ka kara bakin kwalbar a gabansa ka tura shi ya shiga da ƙafarsa. Ka cika kwalbar har baki. Kumfar iskar da ke kai da komo a cikin kwalba lokacin tafiya ita ke kakkarya ƙahonni da wutsiya. Ɗan tsinken takarda mai laushi da aka tura ciki yana hana wannan. Auduga tana sarƙe ƙafafu, ka guje ta. Bayan kwana ɗaya ka canza itanol ɗin, domin ruwan jikin ƙwaron ya sirka na farko.

Itanol mai ƙarfi yana adana ƙwayoyin gado amma yana sa jiki ya yi ƙaushi ya riƙa karyewa. Maganin shi ne a raba: a cire ƙafa ɗaya ko biyu daga gefe guda a sa a na kashi 95 a ajiye a firiza, sauran jikin ya zauna a na kashi 80, kwalaben biyu da lamba ɗaya.

Takardar bayani a cikin kwalba ake sa ta, ba a jikinta ba, kuma da fensir, domin itanol yana wanke tawadar biro. Ka rubuta ƙasa, jiha, gari mafi kusa, lambobin wuri, kwanan wata da sunan watan a rubuce, irin wurin, yadda aka kama, da sunan wanda ya kama. Ka rubuta ta a wurin, kafin ka ɗaga dutse na gaba. Kuma kowane wuri da kwalbarsa, ko da tsakaninsu tafiyar minti biyar ce. Dalilin yana cikin labarin Texoreddellia, wani jinsi na wannan dangi da ke kogunan jihar Tekzas ta Amurka. Shekara da shekaru ana ɗaukarsa nau'i ɗaya ne da ya bazu ko'ina, tun da Pedro Wygodzinsky ya kafa jinsin a 1973. Da Luis Espinasa da abokan aikinsa suka gwada ƙwayoyin gadon na kogo daban-daban, sakamakon da suka fitar a 2016 ya nuna nau'o'i ne da yawa masu kama da juna. Da an zuba su duka a kwalba ɗaya da ba a taɓa ganewa ba.

Mataki na 10: Tantancewa

Da madubin ƙara girma na ɗakin gwaji za ka iya kai wa ga dangi da reshe. Ka kwantar da ƙwaron a ɗan faranti cikin itanol, kada ya bushe ko na minti ɗaya. Ka tabbatar babu ido. Ka duba ko akwai ɓawo, da inda yake. Ka juya shi ka ƙirga ƙananan sanduna bibbiyu da ke ƙarƙashin gaɓoɓin ciki, ka rubuta daga gaɓa ta nawa suka fara. Wannan ƙirga tana raba jinsi da jinsi.

Sannan ka raba maza da mata. Mace tana da siririn bututun ƙwai da ke fitowa a ƙarshen ciki, ƙarƙashin zaren tsakiya. Namiji ba shi da shi, amma a jinsi da yawa gaɓa ta biyu ta ƙahonsa tana da kumburi ko ƙugiya, gindin zaren wutsiyarsa kuma yana da ƙayoyi. Waɗannan alamomi na balagaggen namiji su ne ginshiƙin gane nau'i, shi ya sa namiji ɗaya cikakke ya fi ƙanana 20 daraja. In ƙanana kawai ka samu, kana iya rainon wasu a roba mai murfi da aka shimfiɗa wa jiƙaƙƙen farin garin filasta na gini (POP) da garin gawayi, a duhu, da ɗan ruɓaɓɓen ganye da ƙwayar yis, kana cire duk abin da ya yi fumfuna. In kuma mata kawai kake ta samu, ba lallai rashin sa'a ba ne. An san Nicoletia phytophila da haihuwa ba tare da namiji ba.

Daga nan sai gwani. Sanya wa nau'i suna yana bukatar a fede ƙwaron a shimfiɗa gaɓoɓinsa a kan gilashi, kuma masu wannan aiki a duniya 'yan kaɗan ne: akwai su a jami'ar Kordoba ta Sifen, da Sidni, da Amurka. Kada ka fede samfurinka ɗaya tilo don koyo. Ka koya da na gida, suna da yawa. Ka fara aika hotuna da bayanin wuri ta hannun malaminka ko sashen nazarin dabbobi na jami'a. Fitar da samfurin halitta zuwa wata ƙasa yana bukatar izinin hukuma, musamman tun da yarjejeniyar Nagoya ta ƙasa da ƙasa kan albarkatun halittu ta fara aiki a 2014, kamfanonin jigila kuma suna da dokokinsu kan itanol saboda yana kama wuta. Ku yi yarjejeniya a rubuce cewa wani kaso na samfurin zai zauna ko ya dawo ma'ajiyar jami'arku.

Waɗanda suka rage a hannunka, ka jera ƙananan kwalaben a cikin babbar kwalba mai murfin roba da aka cika da itanol, ka ajiye a wuri mai duhu da sanyi. A ƙasa mai zafi itanol yana tashi ko murfi a rufe yake, don haka ka sa ranar dubawa duk wata uku, ka ƙara wa wadda ta ragu.